Kwalliyar bangon ɗakin kwana da kuɗi kaɗan: inda ake yawan yin kuskure

Mutum in ɗakin kwanansa ya gundure shi, kasuwa yake fara nufa. Ya sayo sitika mai furanni da firam biyu ko uku, ya haɗa da 'yan fitilun nan masu ƙyalli, ya dawo ya manna. Bayan wata biyu gefen sitikar ya ɗago yana tara ƙura, ɗakin ya ma fi dā muni. Kuskuren farko ke nan, kuma daga shi yawancin sauran suke fitowa: sayen kayan ado tun ba a duba bangon da za a sa su ba.

A ɗage labule da rana tsaka, a shafa tafin hannu a bangon. In hannun ya fito da farin gari, fentin ya mutu, ko kuma dama farar ƙasa ce aka shafa. Babu gam ɗin da zai zauna a irin wannan bango, domin garin zai kama, garin kuwa zubowa zai yi. A kankare shi da buroshi mai ƙarfi, a goge da tsumma mai laima, a cike ramukan tsofaffin ƙusoshi da fila, wato kwaɓin da ake toshe ramin bango da shi, a bari ya bushe. Sau da yawa wannan wankin kaɗai ya isa a ga ɗakin ya washe.

Danshi shi ne babbar matsala, kuma nan ne aka fi asarar kuɗi. Gidajen da aka gina a kwari, ko waɗanda ba a shimfiɗa musu leda a tushe ba, bangonsu yana shan ruwa daga ƙasa da damina. Alamar ba ta ɓuya: daga ƙasa zuwa kamar gwiwa fenti ya kumbura yana ɓarewa, wani farin gishiri yana fitowa, ɗaki yana wari ko an share. Sai ka ga an sayo takardar bango ko soson nan mai zanen bulo an rufe wurin. Rufe gyambo ne da sabuwar riga. Ruwan yana nan, sai dai yanzu ba shi da hanyar fita, fumfuna ta yi baƙi a bayan takardar, kuma a ɗakin ake kwana ana shaƙa. Mai asma shi zai fara sani. A fita waje a nemo inda ruwan yake shigowa: indararo ne yake zuba a gindin bango, ko ruwan tsakar gida ne yake kwanciya a wurin, ko bututun banɗakin da ke maƙwabtaka da ɗakin ne yake yoyo. A gyara wannan, a bar bangon ya bushe har rani, sannan a yi maganar ado. In gidan haya ne kuma gyaran ya fi ƙarfinka, ka bar wannan bangon, ka janye gado daga jikinsa kamar taƙi ɗaya don iska ta ratsa, ka kai kwalliyarka wani ɓangaren. Sabon filasta ma haka: yana buƙatar kamar mako huɗu kafin a shafa masa fenti.

Sai fentin kansa. Mai son canji yakan zaɓi launi mai ƙarfi, shuɗi mai duhu ko ja ko ruwan goro, ya shafe bango huɗu da shi. A ɗakin da ke da taga ɗaya ƙarama, sakamakon duhu ne ko da azahar, ga kuɗi sun tafi. Bango ɗaya ya isa, wanda kan gado yake jingine da shi, sauran ukun a bar su da launi mai haske. Lissafin ma ya fi sauƙi. A ɗaki mai ƙafa 12 da 12, bango ɗaya bai wuce murabba'in mita 11 ba, lita ɗaya ta fentin ruwa kuwa tana shafe kamar mita 8 zuwa 10 a shafi ɗaya. Ke nan galan mai lita 4 ya yi shafi biyu har da ragowa, babu dalilin sayen bokitin lita 20.

Kada a yanke hukuncin launi a shago. Launin da ya yi kyau a murfin galan yakan fi duhu idan ya mamaye bango, kuma yana sauyawa tsakanin hasken rana da na ƙwan lantarki. A shafa kaɗan a kwali, a jingina shi a ɗakin, a duba da safe a duba da dare. Kada kuma a cika wa fenti ruwa don ya yi auki. Abin da aka rubuta a jikin galan shi za a bi, a yi shafi biyu marasa kauri, na farko ya bushe kafin na biyu. Fentin mai, wanda yake sheƙi, yana tona asirin duk wani tudu da kwarin filasta, ga warinsa yana daɗewa a ɗakin kwana, don haka a bar shi ga ƙofa da taga. Ranar da hunturu ya taso da ƙura ma ba ranar fenti ba ce.

Masu son zane, irin rabin bango da launi biyu, ko baka a saman gado, ko dagi da aka yanka a kwali ana bugawa da soso, kuskurensu biyu ne. Suna jan layi da ido, alhali zare da ƙusa ɗaya sun isa a zana baka, ma'aunin ruwan magini kuma aronsa ake yi. Sannan suna cika soso da fenti, ya malale ta ƙarƙashin kwalin, dagin ya fito a dagule. A tsoma soson, a matse shi a jikin jarida har ya kusa bushewa, a riƙa dannawa a hankali. Salatif ɗin takarda da aka yi iyaka da shi a cire shi tun fentin bai gama ƙeƙashewa ba, in ba haka ba da fentin zai taho.

Wajen rataye kaya, kusan kowa yana kai su sama da yawa, wai don kada yara su taɓa, ko don nan tsohon ɗan haya ya bar ƙusa. Tsakiyar firam ya kamata ta zo daidai idon mutum a tsaye, wato kamar santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa. A saman gado kuma a bar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da allon gadon. Girma ma abin lura ne: ɗan ƙaramin firam a saman gado shida da shida ɓacewa yake yi. Abin da za a rataya, ko guda ɗaya ne ko jeri, faɗinsa ya kai kamar kashi biyu cikin uku na faɗin gadon. In ƙanana ne da yawa, a tara su wuri guda da tazara iri ɗaya, a fara jera su a ƙasa a ga yadda suka zauna kafin a taɓa guduma. Af, kalandar shekara uku da suka wuce da sitikun bikin da ma'auratan har sun yi 'ya'ya biyu, a sauke su, sun gama aikinsu. Mai firam na ayoyin Alƙur'ani kuma ya duba inda ƙafafu suke miƙewa in an kwanta kafin ya zaɓi bango.

Bangon siminti ƙusar kankare yake so; ta katako lanƙwashewa take yi, ta fasa filasta. Kada a buga ƙusa a layin da ya miƙe sama ko ƙasa daga soket ko makunnin wuta, nan wayoyi suka fi bi. Salatif mai fuska biyu kuwa zafin Maris da Afrilu yana sakinsa, shi ya sa madubi mai nauyi ba ya rataya da shi, kuma ko da ƙusa ne, ba a saman kan mai barci ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake tsallake faifai da ƙwarya da tabarma a sayi furen roba. Faifai biyar ko bakwai masu girma daban-daban, irin waɗanda ake samu a Kasuwar Kurmi ko kowace kasuwar ƙauye, in aka jera su gefensu yana ɗan hawa juna, sun cika bango da kuɗi kaɗan, ba su da nauyi, kuma ana sauke su a kakkaɓe a mayar. Iyayenmu da suke jere sun san ƙa'idar: abu iri ɗaya, a maimaita shi, a daidaita layi. Ragowar atamfa daga wurin tela ma tana yi, in an ja ta sosai a kan falanki ko kwali mai kauri an naɗe bakin ta baya. A zaɓi mai manyan zane, a goge ta tukuna, kuma launinta ya yi magana da zanin gado ko labule. Kayan kaba da na ƙwarya a shanya su a rana a kakkaɓe kafin su shiga ɗaki, saboda ƙwari. Wasu 'yan haya suna manna yadi a bango da sitaci don ya ciru da ruwa ranar tashi. Dabarar tana aiki, amma sitaci abincin kyankyaso ne, mai fama da su ya haƙura. Gidan da ya taɓa yin kuɗin cizo shi ma ya guji duk abin da ake mannawa, domin bayan takarda da soso nan ne maɓoyarsu.

Soson bango yana kama wuta da sauri. Kada ya zagaye soket, kada a ajiye kaskon turaren wuta ko maganin sauro na kunnawa a gindinsa. Hayaƙin turaren ma yana baƙanta bango da yadi a hankali, gara kaskon ya zauna kusa da taga.

Ɗan haya kuma, kafin fenti ko ƙusa, ya je ya sami mai gida ya gaya masa bangon da zai taɓa da launin da zai sa, su yi magana a kan wanda zai mayar da shi yadda yake ranar tashi. In da hali a rubuta, ko a saƙon waya ne.