Ranar farko a gidan reno

Shekarata tara ina renon 'ya'yan ma'aikata a Kano, yawancinsu malaman makaranta da ma'aikatan asibiti masu fita tun ƙarfe bakwai. Ƙanwata, in kin samu gida, kada ki karɓi yaro sai kun zauna da uwarsa. Me yake ci, yaushe yake barci, akwai abin da jikinsa ba ya so? Ki karɓi lambar waya biyu, tata da ta wani na kusa. Kuɗin wata da ranar hutu ma a nan za ku yanke, kada kunya ta hana ki.

Daga nan ki durƙusa ki dubi gidan yadda mai rarrafe yake ganinsa: risho, wayar wuta, kananzir a robar lemo, bakin rijiya. Na fi tsoron bokiti. Wata rana na juya ɗauko zani kawai, na tarar da yaro ɗan wata 11 ya kama bakin bokitin wanki, kansa ya yi ƙasa, ƙafa ɗaya ta bar ƙasa. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Tun ranar ba na barin ruwa a buɗe, ko na alwala ne.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon da uwarsa ta tatsa ya ishe shi, ko da zafin Afrilu ne. Kaka za ta ce a ba shi ruwa. Ki ce, "To Hajiya, bari mamansa ta dawo." Zuma kuwa sai ya shekara. In zai yi barci ki kwantar da shi rigingine cikin gidan sauro, kuma kada ki sunkuya kan murhu da goyo a bayanki.

In gudawa ta kama wanda ya fara cin abinci, ki kira uwar nan take, ki haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Magani dai ba ki ba shi sai da izininta.

Da yamma ki faɗa mata duk abin da ya faru, har faɗuwar da ba ta bar tabo ba. Maganar bokitin nan, tun uwar yaron tana cire mayafi na gaya mata. Ta yi shiru, ta rungume ɗanta, washegari ta sayo babbar roba mai murfi.