Kurakuran da ake yi da allurar borin jini a makaranta idan ta yi ƙaranci

Yaron da ke da borin jini mai tsanani, wanda likitoci ke kira anafilaksis, rayuwarsa tana rataye ne da allurar adirenalin da aka rubuta masa. Idan allurar ta yi wuya a kantunan magani, kamar yadda samfurinta mai suna EpiPen ya yi a 2018 a Amurka, Kanada da Birtaniya, sai tsoro ya sa iyaye da malamai su fara tattalinta. Daga wannan tattalin ne mafi yawan kurakuran ke fitowa.

Mafi muni shi ne jinkiri. Yaro ya fara tari, muryarsa ta dushe, leɓɓansa sun kumbura, sai malama ta ce bari a ba shi maganin ƙaiƙayi tukuna a gani, tunda allurar ɗaya ce tak. Maganin ƙaiƙayi yana rage ƙuraje, amma ba ya buɗe maƙogwaron da ke toshewa, ba ya ɗaga jinin da ke faɗuwa. Da zarar numfashi ya canza, ko yaro ya fara jiri yana neman suma, a soka masa allurar a gefen cinya ta waje, ko ta kan wando ne, a kira motar asibiti. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ya ƙi, a zaunar da shi. Kada a bari ya miƙe ya taka zuwa ofishin shugaban makaranta, domin miƙewa a wannan hali kan iya kashewa. Ko ya warware, sai an kai shi asibiti, saboda abin yakan dawo bayan wasu awoyi.

Wasu kuma sukan raba allurai biyun da likita ya bayar, ɗaya a gida ɗaya a makaranta. Na fahimci dalilin, amma an ba da biyu ne domin idan ta farko ba ta yi aiki ba bayan minti 5, a yi ta biyu. Gara su kasance tare a jaka guda da ke bin yaron, a miƙa wa malami hannu da hannu da safe, a karɓa lokacin tashi. Kuma kada a kulle su a kabad ɗin da makullinsa ke aljihun mutum ɗaya.

Sai maganar ranar lalacewa, wadda ake kuskure a kanta ta fuska biyu. Akwai masu jefar da tsohuwa tun kafin sabuwa ta zo hannu. A riƙe ta. A ɗaga ta a haske a duba ƙaramar tagar da ke jikinta: ruwan ya kamata ya zama garau, babu launin ƙasa-ƙasa, babu gudaji. Idan ita kaɗai ce a wurin kuma yaro na cikin hatsari, a yi amfani da ita. Akwai kuma masu jin cewa an ƙara wa'adi sai su ɗauka duk allurai ne. A Agustan 2018 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta ƙara wata 4 ne ga wasu rukunonin EpiPen mai 0.3 mg kawai, kowanne da lambarsa. Mai harhaɗa magani ne zai duba lambar ya tabbatar. A fara neman sabuwa tun saura wata biyu.

Firji da cikin mota duk suna ɓata ta. Tana son yanayin ɗaki, kusan digiri 20 zuwa 25.

Kuskuren da ba a cika lura da shi ba shi ne canjin samfuri. An rasa EpiPen, an samo Jext, aka kai makaranta ba a ce komai ba. EpiPen daƙiƙa 3 ake riƙe ta a cinya, Jext daƙiƙa 10, murfinsu ma ba kala ɗaya ba ne. A kai wa malamai na gwaji wanda ba shi da allura, kowa ya gwada da hannunsa, har mai kula da ɗakin cin abinci da malamin wasanni. A sabunta takardar tsarin gaggawa da hoton yaron da nauyinsa na yanzu, domin wanda ya girma yana iya wuce ƙaramar allura mai 0.15 mg, kuma likita ne kawai zai yanke lokacin komawa babba.