Darasi na Tara: Kalmomin Turanci Masu Ƙarewa da T-I-O-N

A boko na Hausa, yadda aka rubuta kalma haka ake faɗarta. Turanci bai ɗauki wannan alkawari ba, kuma haruffa huɗun da za mu duba a yau suna cikin masu yawan kayar da sabon mai karatu. Idan ka ga t, i, o, n jere a ƙarshen kalma, kada ka ce "ti-on". Ka ce "shan", kamar a shan ruwa, amma a taƙaice.

Akwai ɗaya da ka daɗe kana faɗa. Station ita ce bakin Bahaushe ya mayar tasha. Tun da layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929, mutanen wannan yanki suke cewa tashar jirgi. Daga baya tashar mota ta gaji sunan. Police station kuwa ofishin 'yan sanda ne, filling station gidan mai. Rubuta station a littafinka, ka ja layi ƙarƙashin haruffa huɗun ƙarshe, ka faɗa sau uku: stei-shan.

Ka lura da inda murya take nauyi. Kullum a kan gaɓar da take gaban "shan" ne. A election, nauyin yana kan "lek". A education, yana kan "kei". Wanda ya kama wannan zai karanta doguwar kalma ko bai taɓa jin ta ba.

Inda waɗannan kalmomi suka fi yawa, kuma inda rashin saninsu ya fi ciwo, shi ne asibiti. Ka shiga babban asibiti a Gusau ko Talata Mafara, allon farko da za ka nema shi ne Registration, wato wurin yankar kati. Daga nan sai Consultation, ɗakin ganin likita. Takardar da likita zai rubuta maka magani a kai sunanta prescription. Injection allura ce. Operation ita ce tiyata. Vaccination da immunization duk rigakafi suke nufi, kuma mata masu goyo za su ga ɗayansu a katin awon yara. Ba dole ka haddace su duka yau ba. Amma registration da injection, waɗannan biyun ka riƙe su, don su ne ake tura mutum gare su ba tare da an yi masa bayani ba.

Ku karanta wannan hira bibbiyu, ɗaya ya zama ma'aikaciyar jinya, ɗaya ya zama tsohuwa:

"Sannu Inna. Kin yi registration?"
"Na yanki kati tun da safe, ɗiyata. Likita ma ya gan ni."
"To ba ni prescription ɗin in duba. Akwai injection guda ɗaya, sauran ƙwayoyi ne."
"Allura dai? To, Allah ya sa a dace."

Yanzu dabarar da ta fi komai amfani a darasin nan. Yawancin waɗannan kalmomi sunaye ne da aka gina a kan aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki. Ka sa yatsa ka rufe haruffa uku na ƙarshe, i, o, n, ka ga abin da ya rage. Injection za ta bar maka inject, yi allura. Election za ta bar elect, zaɓa, shi ya sa election take nufin zaɓe. Collection ta bar collect, karɓa ko tara, don haka in an rubuta card collection a ƙofar ofishin zaɓe, wurin karɓar kati ke nan. Correction ta bar correct, gyara, kalmar da malami yake rubuta wa ɗanka da jan biro.

Dabarar ba ta cin kowace kalma. Ka rufe wutsiyar station ko nation, abin da zai rage ba shi da ma'ana. Nation ƙasa ce ko al'umma, sai dai a haddace ta haka nan. Wasu kuma sukan ɗan canja siffa: verify, tantance, ta zama verification, identify, gane ko shaida, ta zama identification. Waɗannan biyun suna cikin aljihunka. V ɗin da ke tsakiyar BVN, lambar da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014, verification ce. I ɗin da ke tsakiyar NIN kuwa, lambar shaidar ɗan ƙasa, identification ce. Kowace lamba tana da alƙaluma 11. Don haka idan saƙo ya shigo wayarka da kalmar verification yana neman lambar sirrin katinka na banki, ka san abin da ake nufi, kuma kada ka tura. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya.

Question, wato tambaya, ta fita daban. Saboda s ɗin da ke gaban t, ana cewa kwes-can.

Akwai kuma 'yar uwarsu mai s a madadin t. Admission ita ce ba da gado a asibiti, ko samun gurbi a makaranta. Pension ce ta zama fensho, television ta zama talabijin. Su ne darasinmu na gaba.

Aikin gida: a hanyarka ta zuwa kasuwa ko masallacin Juma'a, nemo kalmomi biyar masu ƙarewa da t-i-o-n a jikin alluna, kwalin magani ko buhun taki. Kwafe su yadda suke, harafi bayan harafi. A gaban kowace, rufe i-o-n ka rubuta abin da ya rage. Wadda ba ka gane ba, ka zo da ita aji mu warware tare.