Yadda Ake Gyara Kuskuren Suna, Ranar Haihuwa Ko Lamba A Takardun Tsohon Sojan Amurka

Wanda ya yi aikin soja na cikakken lokaci a Amurka, ranar da aka sallame shi ana ba shi takarda mai suna DD 214. Tun 1950 ake bayar da ita, kuma da ita ake neman kusan komai daga baya: magani a asibitocin ma'aikatar tsofaffin sojoji ta VA, kuɗin karatu, lamunin sayen gida, har da filin kabari a maƙabartar sojoji. Ma'aikacin da zai duba ta ba ruwansa da dogon bayani. Suna yake dubawa, da ranar haihuwa, da lambar SSN, wato lambar shaida mai lambobi tara da gwamnatin Amurka ke ba mutum, ya haɗa su da na sauran takardunka. Harafi ɗaya ya saɓa, sai fayil ya kwanta.

'Yan Najeriya da Nijar da Gana da suka shiga sojan Amurka suna da nasu ramukan. Mutum ɗaya zai zama Muhammadu a takardar haihuwa, Mohammed a fasfo, Mahamadou in takardar daga Nijar ta fito. Wani sunan mahaifinsa ne ya koma gaba, nasa ya koma baya. Ranar haihuwa ma haka: abin da muke rubutawa 04/09/1985 muna nufin 4 ga Satumba, Ba'amurke yana karanta shi 9 ga Afrilu. Ga kuma waɗanda takardarsu ta ce an haife su "wajajen" shekara kaza, aka manna musu 1 ga Janairu.

Fara da karɓo fayil ɗinka gaba ɗaya

Kada ka rubuta ƙorafi tukuna. Nemi kwafin fayil ɗin aikinka duka, ba DD 214 kaɗai ba. Ana nema da fom SF 180, a aika wa cibiyar adana bayanan ma'aikata ta NPRC da ke St. Louis a jihar Missouri, ko a cike ta intanet a shafin eVetRecs. Waɗanda suka bar aiki a shekarun baya-bayan nan, fayil ɗinsu na kwamfuta ne, galibi suna iya saukar da shi ta shafin milConnect. Kyauta ne ga tsohon sojan, haka ma ga magajinsa na kusa in ya rasu: mata ko mijin da bai sake aure ba, ɗa ko 'ya, uwa ko uba, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, tare da shaidar rasuwa. Sai fayil ya shekara 62 bayan sallama ne yake zama buɗaɗɗe ga kowa, a lokacin kuma ana biyan kuɗin kwafi.

In fayil ya iso, baza shi a tabarma ko tebur, ka ɗauki fensir. A fom ɗin DD 214 da aka daɗe ana amfani da shi, gida na 1 suna ne, na 3 lambar SSN, na 5 ranar haihuwa, a jere shekara, wata, rana, na 12 kuma ranakun shiga da fita aiki. Sai ka nemo takardar yarjejeniyar shiga soja, DD 4, da takardar tantancewa ta ranar ɗauka, DD 1966. Bi su ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta yadda kowace ta kawo sunan da ranar da lambar. Abin da kake nema shi ne inda kuskuren ya fara.

Wane irin kuskure ne?

A nan ne akasarin masu nema suke zamewa, domin abu uku ne daban ake kira da suna ɗaya.

Na farko, tuntuɓen hannun mai buga takarda. DD 4 ta ce Abubakar, duk sauran takardun sun ce Abubakar, DD 214 kaɗai ta ce Abubaker. Ko lambobi biyu na SSN sun yi musayar wuri. Wannan shi ne mafi sauƙi, domin shaidarka tana cikin fayil ɗin rundunar da kanta.

Na biyu, kuskuren da ya shigo tun ranar ɗauka ya bi kowace takarda har ƙarshe, kai kuma ka yi ta sa hannu a kai shekara da shekaru. Wannan yana da wuya. Masu duba ƙorafi suna farawa ne da ɗaukar cewa abin da gwamnati ta rubuta daidai ne, nauyin karya wannan zato yana wuyanka. Dole ka kawo takardar da ta girmi shigarka soja, ka kuma faɗi dalilin da ya sa ka yi shiru a lokacin. Faɗi gaskiya a taƙaice. "Ban lura an juya wata da rana ba sai da VA ta mayar mini da takarduna" ya fi shafi uku na kame-kame.

Na uku ba kuskure ba ne ma: ka sauya suna bayan ka bar aiki, ta kotu ko ta aure ko wajen karɓar takardar zama ɗan ƙasa. Sojoji suna kallon DD 214 a matsayin tarihin abin da yake a ranar da aka rubuta ta, don haka ba dole ba ne su taɓa ta. Kana iya nema tare da umarnin kotu, amma sau da yawa ba ka ma buƙatar gyaran: ka haɗa umarnin kotun da tsohuwar takardar duk inda za ka miƙa ta, ya wadatar. In kuwa kana cikin aiki aka sauya sunan, aka manta aka sallame ka da tsohon, to wannan ya koma kashi na farko.

Takardun shaida

Takardar haihuwa, katin SSN, fasfo, takardar zama ɗan ƙasa, umarnin kotu in akwai. Kwafi ake aikawa, mai fitowa tas, kada ka kuskura ka saka na asali a ambulan. Takardar da take da Faransanci ko Larabci sai an fassara ta zuwa Turanci, mai fassarar ya sa hannu ya shaida cewa fassarar cikakkiya ce.

Shekarun takarda suna da nauyi. Takardar rantsuwar shekaru da aka yi a kotu makon jiya ba ta kai wadda hukumar ƙidaya ta Najeriya ko ofishin rajistar haihuwa na Gana ya bayar tun kafin ka bar gida ba. In ta rantsuwar ce kaɗai gare ka, ka tallafa mata da tsohon fasfo, takardar biza, ko sakamakon jarrabawar makaranta mai ɗauke da ranar haihuwa. Kuma ka duba: in katin SSN ɗinka ma da kuskuren, fara gyara shi da fom SS-5 a hukumar da ta bayar da shi, in ba haka ba shaidarka ce za ta ƙaryata ka.

Ƙofar farko: ofishin ma'aikatan rundunarka

NPRC ajiya take yi, ba ta gyara. Ƙaramin kuskure ana kai shi ne ofishin kula da ma'aikata na rundunar da ka yi wa aiki: sojan ƙasa a Fort Knox, jihar Kentucky, sojan ruwa a Millington, jihar Tennessee, sojan sama a sansanin Randolph da ke San Antonio, jihar Texas, sojan kundumbala na Marine a Quantico, jihar Virginia. Rubuta gajeriyar wasiƙa mai sa hannu da kwanan wata, ka ce gida lamba kaza yana ɗauke da kaza, ya kamata ya zama kaza, ga takardu kaza da suka nuna haka. In sun yarda, za su fitar da DD 215, takardar gyara, ko su sake buga DD 214 sabuwa. DD 215 ba ta tsayawa ita kaɗai, kullum tare ake miƙa ta da uwarta. In sun ƙi, ajiye wasiƙar ƙin da kyau, ita ce tikitin shiga ƙofa ta gaba.

Ƙofa ta biyu: kwamitin gyaran bayanan soja

Kowace runduna tana da kwamitin fararen hula da doka ta ba ikon gyara kuskure ko rashin adalci a fayil, ƙarƙashin sashe na 1552 na kundi na 10 na dokokin Amurka. Na sojan ƙasa, ABCMR, yana Arlington a Virginia. Na sojan ruwa da Marine, BCNR, shi ma yana Arlington. Na sojan sama yana sansanin Andrews a Maryland. Fom ɗin nema shi ne DD 149, ba a biyan ko sisi. Kada ka rikita shi da DD 293, wanda na neman sauya nau'in sallama ne cikin shekara 15 bayan sallamar.

Wa'adin nema shekara uku ne daga ranar da ka gano kuskuren, ba daga ranar sallama ba. In ya wuce, kwamitin yana da ikon ɗage ƙafa saboda adalci, amma sai ka roƙa a cikin fom ɗin ka faɗi dalili. Wajen rubuta abin da kake so, kada ka ce "a gyara mini takarduna". Rubuta gidan, da abin da ke ciki yanzu, da abin da kake so ya koma, harafi da harafi. Kwamitin ba ya fita bincike a madadinka. Abin da ka aiko da abin da ke fayil yake dubawa, galibi ba tare da ya gan ka ba. Fom marar sa hannu dawo da shi ake yi. In mai fayil ya rasu ko ba ya cikin hayyacinsa, matarsa ko magajinsa ne zai sa hannu, ya haɗa da takardar rasuwa da shaidar dangantaka.

Sai haƙuri. Doka ta ce a kammala kashi 90 cikin 100 na ƙorafe-ƙorafe cikin wata 10, sauran cikin wata 18. In ka sauya gida a tsakani, sanar da su, musamman in ka dawo Kano ko Kumasi. Sa adireshin imel da kake dubawa. In an ƙi, ana iya neman a sake dubawa, amma da sabuwar shaida, ba da tsohuwar a sabon ambulan ba. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion suna da wakilai masu taya cike fom kyauta, don haka ƙaramin gyara bai kai a ɗauki lauya ba.

Bayan gyaran ya fito

Kada ka ɗauka sauran ofisoshi sun ji labari. Kai kwafi ga VA da kanka. In kana karɓar fanshon ritaya, sanar da DFAS mai biyan kuɗin, ka kuma gyara bayananka a rajistar DEERS, wadda katin shaida da inshorar lafiyar iyali suke dogara da ita. Yi kwafi biyu ko uku, ka nuna wa maiɗakinka ko babban ɗanka inda suke. Jana'izar Musulmi ba ta jiran wata goma, kuma ofishin da ke ba da filin kabari da dutsen kabari mai alamar jinjirin wata da tauraro, sunan da ke kan DD 214 zai fara tambaya.