Yadda na gyara matsalar imel ɗin da ba ya isa hannun abokan ciniki

Alhamdulillahi, takardun neman biya da muke turawa sun daina ɓacewa.

Matsalar ita ce saƙo zai nuna ya tafi, babu gargaɗin komai, amma shiru. Na duba adireshi, daidai yake. Na rage girman fayil, tunda Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25MB, nan ma shiru.

Kiran waya ne ya warware zancen. Na ce wa wani abokin cinikinmu: "Alhaji, don Allah a duba akwatin saƙonnin banza." Nan take ya ga takardun a ciki. Babban raunin imel ke nan: ba ya gaya maka ko an gani, alhali a waya kana jin amsa a take.

Na roƙe shi ya buɗe saƙon, ya danna ɗigo uku na gefe, ya zaɓi "Show original". SPF, wato tsarin da ke tabbatar da cewa saƙo ya fito daga inda aka amince ya tura imel da sunanmu, ya nuna gazawa, abin da kan sa a jefa saƙo akwatin banza. Da na shiga saitin DNS (rajistar bayanan adireshin intanet) na yankinmu, wato sunan da ke bayan alamar @ a imel ɗinmu, sai na tarar da layin SPF guda biyu, kuma ƙa'ida ɗaya tak ake yarda da shi. Na haɗe su a layin TXT (layin rubutu a DNS) guda: v=spf1 include:_spf.google.com ~all, tare da adireshin manhajar lissafinmu, mai tura takardun, kafin ~all. Sannan na kunna DKIM, wato sa hannu na lantarki da ke tabbatar da cewa saƙon namu ne, na liƙa makullinsa a DNS. Canjin kan ɗauki har awa 48 kafin ya kankama.

Yanzu duk maganar farashi ko ranar kai kaya, kira nake fara yi, sai in bi da imel a matsayin shaida a rubuce.