Darasi na 7: Asusun Matasa da Akwati Mai Kwaɗo Uku

Adashi dai kowa ya san shi a ƙauyukanmu, amma yana da matsala guda, sai kwana ya zagayo kanka kake ɗauka. Damina ta faɗi kana neman kuɗin taki, kwasarka kuma sai bayan kaka, to ya za ka yi? Shine zakaga yaro ya sayar da akuyar uwarsa ko ya tattara ya tafi cirani Legas ya bar gona a hannun tsoho.

Akwai wani tsari da ya fi adashi sauƙi ta wannan wajen. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara shi da matan karkara a yankin Maraɗi ta Nijar, suka sa masa suna Mata Masu Dubara, yanzu ya bazu ƙasashe da yawa kuma samari ma suna yi.

Ga yadda ake yinsa. Ku haɗu mutum 15 zuwa 25 waɗanda kuka san halin juna, ku sa rana ɗaya a sati ta zama. Ku yanke kuɗin hannu ɗaya, misali naira 200, kowa ya zuba daga hannu ɗaya zuwa biyar gwargwadon ƙarfinsa, kar a wuce biyar don kada mai ɗan hali ya mamaye asusun. Kuɗin a akwatin ƙarfe ake sawa mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku daban daban, shi kuma wanda akwatin ke kwana a ɗakinsa ba shi da makulli ko ɗaya. Ba wai an ce wani ɓarawo bane, a'a, ana rufe ƙofar zargi ne tun kafin a fara. Ba a buɗewa sai a gaban kowa, mutum biyu su ƙirga da ƙarfi kowa na ji.

Sai maganar littafi, nan ne karatunmu zai yi amfani. Kowane mamba da ɗan littafinsa da ake buga masa tambari in ya zuba, hannu ɗaya tambari ɗaya, hannu uku tambari uku, ko wanda bai gama haɗa baƙi ba zai iya ƙirga nasa. Sakatare kuma ya rubuta kwanan wata da jimillar abinda ke cikin akwati kafin a rufe, sati mai zuwa a fara tambayar jama'a nawa muka bari, sannan a buɗe a gani. Ni dai a ganina ƙungiyar da ta yi wasa da wannan tambayar ba za ta ga kaka biyu ba.

Rance ba ya wuce ninki uku na abinda mutum ya tara, kuma a biya cikin kamar wata uku. Maganar ɗora riba a kan bashi kuwa kun san hukuncinta a addini, ku zauna da malamin garinku tukuna. Kuna iya barin rancen ba ƙari, ribar ku nemo ta a sana'a, ku sayi riɗi ko zoɓo da kaka ku ajiye sai ya yi daraja ku kai kasuwar Maigatari ko Dawanau, ko ku ɗaure raguna don babbar sallah. Ku ware ɗan wani abu daban saboda rashin lafiya ko rasuwa, wannan ba bashi bane. In shekara ta zagayo a raba, kowa daidai yawan tambarinsa.

In kun ɗan yi ƙarfi ku je sakatariyar ƙaramar hukuma ku yi rajista, domin malaman gona na hukumomin raya noma, wato KNARDA a Kano da JARDA a Jigawa, sun fi aiki da ƙungiya a kan mutum ɗaya, littafin nan naku kuma shine shaidar cewa ba jiya kuka haɗu don an ji ƙamshin tallafi ba. Kowa ya yi NIN ɗinsa. Duk wanda ya kira waya yace a turo masa lambar sirri ta banki wai zai saka ku a tallafi, ku kashe wayar kawai.

Aikin gida:
1. Mutum 20, kowa ya zuba hannu uku na naira 200. Nawa aka tara ran nan? Sati huɗu fa?
2. Wanda ya tara naira 8,000, rancen nawa ne iyakarsa?
3. Ja layi a littafinka, ka rubuta suna, kwanan wata da yawan hannu na mutum biyar, ka zo da shi aji.