Yadda Ake Shirya Tafiyar Hawan Dutse a Tsaunin Mambila

Wanda ya taso a Kano ko Sakkwato, in ka ce masa akwai garin da ake neman bargo a watan Maris cikin Najeriya, zai ɗauka zolaya ce. To, Gembu ke nan, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, bisa tsaunin Mambila mai tsayin kusan mita 1,600. Wuri ne da jiki ke hutawa, amma sai ga wanda ya je masa da shiri.

Fara da zaɓen lokaci. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, turba ta yi santsi, rafuka su cika. Rani ya fi. Ni dai ƙarshen Nuwamba na fi so, lokacin ruwa ya ɗauke amma ciyawa ba ta bushe ba, ƙurar hunturu kuma ba ta rufe duwatsu ba tukuna.

Sai hanya. Daga Jalingo za ka bi ta Bali, ka wuce Serti, ka isa Mayo Selbe, inda hawan gaske yake farawa. Tashi bayan sallar asuba, kuma kafin ka shiga mota tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki, har da batun tsaro, don su ke bin ta kullum. Kada ka yarda dare ya same ka a hawan nan. Kwana ce bisa kwana, ga rami a gefe, ga hazo da kan sauko ba sallama. In ka ji kunnenka ya toshe, haɗiye yawu kawai, zai buɗe.

A Serti kada ka yi gaggawar wucewa idan Chappal Waddi ne burinka. Shi ne dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru, kuma yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991. Ofishin gandun yana Serti. Nan za ka nemi izini, a haɗa ka da ma'aikacin da zai yi maka jagora. Ba a shiga dajin nan kai kaɗai.

Batun kaya shi ne inda yawancinmu muke tafka kuskure. Ɗauki rigar sanyi mai kauri, hular sanyi, safa akalla ƙafa uku, rigar ruwa, tocila, da tsabar kuɗi, domin sabis na waya yana zuwa yana ɓacewa. Takalmi kuwa, tsohon da ƙafarka ta saba da shi. Na taɓa sayen sabo fil saboda tafiyar, kafin azahar ta ranar farko diddigena ya yi bororo, na ƙarasa yinin da silifas ɗin wani ɗan dako yana ta yi mini dariya. Kuma ka tanadi fulas na ruwan ɗumi tun da dare. Wanda ya taɓa alwalar asuba da ruwan rafi a can, yatsu na ƙagewa, ya san abin da nake nufi.

Idan ka hau, ba jikinka kwana ɗaya ko biyu ya saba da iskar wurin. Sauka a Nguroje ko Gembu. Zaga gonar shayi ta Kakara da safe, ka ga layin ganye kore shar da raɓa a kansa. Ko ka leƙa dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, inda birai da tsuntsaye suke. Fulatanci ne harshen kasuwa a nan, ko da yake Hausa na ci. In ka iske makiyayi ka ce "Jam na?" (wato "Lafiya?"), ya ba ka nono ka ce "Useko" (wato "Na gode"), za ka ga fuska ta sake.

Ranar hawa, bi takun jagora, kada ka yi tsere da kowa. Tafiya sannu-sannu kwana nesa, kuma wannan tafiya ce ta kwanaki, ba ta yini ɗaya ba. Guzuri mara nauyi ya isa: dabino, kilishi, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari. Ruwan rafi a tafasa shi, don shanu ma a nan suke sha. In kanka ya fara sarawa ko numfashi ya gagara, zauna ka faɗa wa jagora, babu abin kunya. Ledar da ka ci abu a ciki mayar da ita jaka, saniya na iya haɗiye ta.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Nemi sanda mai ƙwari irin ta makiyaya, ka riƙa dasa ta kafin ka ɗaga ƙafa, ka ɗaure igiyar takalmi tam don kada yatsu su dinga dukan gaba. Kuɗin sallamar 'yan dako kuma ware shi daban tun daga gida, a aljihun da ruwa ba ya shiga.